Jif ɗin alfarma mai haibirid ta hannu: me ke lalacewa, kuma ina kuɗin ke tafiya?

Tambaya: "Salam Oga, don Allah ina neman shawara. Ina so in sayi jif ta hannu mai haibirid, irin mai amfani da fetur da lantarki, na ga Lexus RX 400h ta 2008 da kuma RX 450h ta 2013, wani abokina kuma yana ta zuga ni in ƙara kuɗi in ɗauki ta Turai wadda ake jona wa caji. Amma kowa na faɗa wa sai ya ce batir zai kashe ni. Shin da gaske ne? Waɗanne matsaloli ne suka fi damun irin motocin nan, kuma riƙe su yana da tsada sosai?"

Wa alaikumus salam Malam. Abin da kake son sani a taƙaice shi ne, in ka sayi motar nan me zai fara ɓaci, kuma ragin man da za ka samu zai biya kuɗin gyaran ko kuwa. Batun batir ɗin da ake tsorata ka da shi gaskiya ne yana mutuwa kuma yana da tsada, amma a aikin da nake yi ba shi ne ya fi kwashe wa masu irin motocin nan kuɗi ba. Abin da ya fi cin su shi ne sun manta cewa tsohuwar motar alfarma suka saya mai nauyin kusan tan 2, wadda komai nata na manya ne, sannan sai zafi da dogon ajiya da hannun bakaniken da bai san ta ba su ƙarasa sauran.

Yadda motar take aiki, don ka gane sauran bayanin

RX 400h ta fito ne a 2005, injinta V6 ne mai lita 3.3, ita kuma RX 450h ta gaje ta a 2009 da V6 mai lita 3.5. Dukansu suna da babban batir na nikel mai bolt 288 a ƙarƙashin kujerar baya, da wata na'ura da ake kira inbata wadda take karɓar wutar batirin ta ɗaga ta har zuwa bolt 650 ta ba motocin lantarki, wato injinan da wuta ke juyawa, da ke cikin giyabos. Giyabos ɗin nan ba irin wanda ka sani ba ne, babu kulochi babu bel babu canjin giya ɗaya biyu uku, haƙora ne kawai da motocin lantarki guda biyu a ciki, shi ya sa da wuya ka ji an ce ya lalace. Haka kuma motar ba ta da kik ba ta da altaneta, motar lantarkin ce take tayar da inji, ƙaramin batir mai bolt 12 kuma daga babban yake samun caji. Mai jan ƙafa huɗu a cikinsu ma babu dogon shaf daga gaba zuwa baya, wata motar lantarki ce daban take juya tayoyin baya. To ka ga akwai kaya da yawa da ke ba mutane wahala a mota ta gargajiya waɗanda nan babu su kwata-kwata, an dai musanya su da kaya kaɗan masu tsada waɗanda ba sa son zafi.

Batun batir

A cikin batirin akwai ƙananan ƙwayoyi 240, kowace bolt 1.2, an jera su a layi ɗaya, wutar da ta bi ta farko dole ta bi ta ƙarshe. Batirin ba ya mutuwa gaba ɗaya rana ɗaya, ƙwaya ɗaya ko biyu ne suke fara rauni, kuma kamar ayarin raƙuma ne, tafiyar mai ɗingishi ake bi. Kwamfutar motar tana lura da bambancin wuta tsakanin sassan batirin, da zarar wani sashe ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa sosai sai ta kunna fitilar gargaɗi ta ajiye lambar P0A80, wadda ma'anarta a canza batir.

Kafin a kai nan akwai alamu, kuma su ne ya kamata ka sa wa ido ranar gwaji. Hoton batir da ke kan allon dashbod zai riƙa cika da sauri yana zubewa da sauri, minti biyu ya cika minti biyu ya koma ƙasa, inji zai riƙa tashi a kai a kai ko kana tsaye, fankar da ke ƙarƙashin kujerar baya za ta riƙa ihu, shan mai kuma ya ƙaru. Batir mai lafiya a hankali yake hawa a hankali yake sauka.

Shekaru sun fi kilomita tasiri a kansa. A Amurka garantin da kamfanin ke bayarwa a kan batirin motocin wancan lokacin shekara 8 ne ko mil 100,000, wasu jihohi irin su Kalifoniya shekara 10 ko mil 150,000, to duk motocin da ka ambata sun daɗe da fita daga wannan inuwar, in batirin asali ne a cikin ta 2008 ɗin ka sa a ranka cewa a hannunka zai ƙare. Kuma wani abu da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani, motar da ake hawa kullum batirinta ya fi na wadda aka lulluɓe aka ajiye wata da watanni lafiya, domin batirin nikel yana zubar da cajinsa da kansa in yana zaune, kuma ƙwayoyin ba sa zubarwa daidai da juna, daga nan rashin daidaiton ke farawa. Saboda haka in dillali yana yi maka alfahari da cewa motar tsohuwa ce amma ba ta yi tafiya ba, ni wannan ba ya burge ni a haibirid.

Sai zafi. Iskar cikin mota ce take sanyaya batirin, fanka na jawo ta ta wasu 'yan ramuka a gindin kujerar baya. An taɓa kawo min wata jif haibirid da fitilar batir a kunne, har an gaya wa mai ita ya nemo kuɗin sabo, da muka ɗaga kujerar muka ciro fankar sai ga ƙura da gashi da zaren kafet sun dunƙule sun toshe fukafukan gaba ɗaya, a waje kuma an shimfiɗa wata tabarmar roba mai kauri ta rufe ramukan ruf. Muka wanke fanka, muka goge tsatsar da ta yi kore a kan ƙarafunan jan ƙarfe da ke haɗa sassan batirin, muka yanke tabarmar, zafin batirin ya sauko lambar ba ta dawo ba. Ba kullum ake dacewa haka ba fa, in zafin ya riga ya dafa ƙwayoyin sai canji, amma dai kar ka bari a yanke wa batir hukunci ba a duba fanka ba.

In ya mutu da gaske hanya uku ce. Sabo daga kamfani, shi ya fi tsada kuma shi ne kwanciyar hankali na shekaru. Na hannu daga motar da ta yi haɗari, wannan sa'a ce, don shekarunsa na iya zama daidai da naka. Sai canza sashen da ya mutu kaɗai, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi yi, matsalarsa ita ce sauran sassan ma tsofaffi ne, ka canza wannan bayan 'yan watanni na kusa da shi ya faɗi, ka sake biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa. In mai gyaran yana da na'urar da zai caje ya sauke kowane sashe ya daidaita su to yana iya jan lokaci, in kuwa da mita kawai zai auna ya zura wani, kuɗinka kake zubarwa a hankali.

Abubuwan da ba a maganarsu amma suna cizo

Inbata ita ce ta biyu a tsada, wani lokacin ma tana kamo batirin. Tana da nata ruwan sanyaya daban da na inji, da nata ƙaramin famfo na lantarki, in famfon ya tsaya ko ruwan ya ragu sai ta ɗau zafi, motar ta rage ƙarfi ko ta mutu a tsakiyar titi, lambar da aka fi gani a nan P0A93 ce. Gwajin mai sauƙi ne, ka kunna motar ta nuna a shirye take, ka buɗe murfin robar ruwan inbata ka leƙa, ya kamata ka ga ruwan yana motsi, in ya kwanta shiru famfo ya tafi. Ita RX 400h musamman kamfanin ya yi kiranye a kan inbatarta a 2011 ya sake yi a 2013, saboda haka ka ɗauki lambar shasi a duba ko an yi mata wannan aikin. Kuma don Allah kar a zuba mata ruwan famfo, ruwan sanyaya mai launin hoda wanda aka tsara mata shi za a sa.

Birki ma yana da nasa. Saboda motar lantarki ce take rage yawancin gudun tana mayar da wutar cikin batir, fatar birki tana daɗewa sosai, wannan riba ce. Amma rashin aikin yana sa fil ɗin kalifa su bushe su kame, sai ka ga fata ɗaya ta cinye ɗaya sabuwa. Babban abin shi ne famfon birki na lantarki da tulunsa mai riƙe matsi, in ya fara yoyo ta ciki za ka ji yana ta zuuu kowane 'yan daƙiƙu ko ba ka taka birki ba, daga baya fitilun birki da na ABS su kama, a sikana, wato na'urar da ake jona wa mota ta karanta lambobin matsala, ka ga C1391 ko C1256. Kayan nan yana da tsada, kuma ko fitar da iska daga birkin sai da kwamfuta, ba irin taka ka riƙe da aka saba ba.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa nan ne na fi ganin ɓarnar hannu. Kwamfresonta na lantarki ne, babbar wutar ce take shiga cikinsa, kuma man da ke cikinsa na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, a Toyota da Lexus ana kiransa ND-11. Mai cika gas da bai sani ba zai ɗauko man da yake zuba wa kowace mota ya zuba, ko ma tiyonsa kawai ya ɗauko ragowar wancan man, sai wuta ta fara zurarewa zuwa jikin mota, kwamfuta ta gani ta ajiye P0AA6, wata rana motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Gyaran kuma ba zubar da man kawai ba ne, sau da yawa sai an canza kwamfreso da wasu kayan layin. Ka tuna kuma sanyin ɗakin shi ne sanyin batirin, don haka a haibirid gyaran na'urar sanyi ba kwalliya ba ce.

Ƙaramin batir mai bolt 12 shi kuma makirci gare shi. Tunda ba shi ke juya inji ba, ba za ka ji alamar ya yi rauni ba, sai dai kawai wata safiya fitilu iri-iri su cika dashbod motar ta ƙi shiga shiri, mutum ya ɗauka babban batir ne ya tafi. Kullum shi nake fara aunawa kafin komai.

Ɓangaren inji da jiki

Injin 3.3 na RX 400h bel ɗin taimin gare shi, ana canza shi wajen mil 90,000, kusan kilomita 145,000, kuma mai hankali yana haɗawa da famfon ruwa a lokaci ɗaya tunda hanya ɗaya ce. In babu takardar da ta nuna an canza, ka ɗauka ba a canza ba ka sa a lissafi. Injin 3.5 na RX 450h sarƙa ce, wannan ciwon kan babu shi, sai dai a duba famfon ruwa ko yana barin busasshen hoda a gefensa, a duba murfin gaban inji ko yana tsatsafar da baƙin mai, don in yoyon ya yi yawa aikin babba ne, wurin a matse yake. Filogi uku na layin baya ma sai an cire kayan saman inji kafin a kai gare su, shi ya sa wasu suke canza na gaba uku su ce sun gama. Tsofaffin RX na wancan zamanin kuma dashbod ɗinsu yana tsagewa ko ya yi danƙo in ya sha rana.

Ƙafa kam dole ta ci kuɗi, mota ce mai nauyi, bushin da boljoyin da shokozoba suna gajiya, tayoyi kuma manya ne masu inci 17 zuwa 19 kuma ba a so a sa mata guda ɗaya sabuwa uku tsofaffi. In ka samu wadda ƙafarta ta iska ce ka ajiye ta ta kwana ka dawo da safe ka ga ko wani gefe ya durƙusa. Sai ruwa, ka sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin baya da wurin safaya taya, in da danshi ko warin rima ko laka a lungu to ko magudanar rufin gilashi ta toshe ko motar ta taɓa shiga ambaliya, kuma babban batir a ƙasan nan yake zaune. Motar ambaliya mai haibirid ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Ka leƙa ƙasa kuma ka tabbatar katalis ɗin salansa, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, na nan, don ɓarayi sun fi son na haibirid, RX 400h ta sha wannan sosai a Ingila, wasu motocin ana sayar da su da bututu kawai an yi walda a wurin.

Ta Turai da abokinka ke zuga ka

Irin su BMW X5 xDrive40e da Volvo XC90 T8 da suka fito wajen 2015, ko Range Rover P400e ta 2018, daɗin tuƙi kam ba a magana. Amma tsarinsu daban ne, ƙaramin inji ne mai lita 2 da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska ta ƙara masa ƙarfi, ga giyabos na gargajiya mai giya 8, ga batirin litiyom babba mai nasa tsarin sanyaya, ga cajar da ke cikin mota, da yawa kuma ga ƙafar iska, wato duk abin da ke iya ɓaci a motar fetur yana nan sannan an ɗora na lantarki a kai. Kuma ribarsu tana ga caji, in ba za ka riƙa jona ta kullum ba to ƙaramin inji ne kawai yake jan ƙaton batir a banza, man da za ta sha zai ba ka mamaki. Yawancin gyaransu ma sai da kwamfutar kamfanin. Ni ba na hana mai hali saye, amma wanda yake tambayar tsadar riƙo tun kafin ya saya, ba nan zan tura shi ba.

To lissafin fa?

A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka RX 450h ta wannan zubin tana yin wajen mil 30 a galan, 'yar'uwarta RX 350 mai fetur zalla wajen mil 20, wato kusan kilomita 12 da wani abu a lita ɗaya a kan 8 da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na kuɗin mai ya dawo aljihunka, amma a cikin gari ne da cunkoso wannan ribar take fitowa, inda inji ke mutuwa kana tsaye birki kuma yana caja batir. A doguwar hanya da gudu bambancin yana raguwa sosai. Ka kuma san cewa fetur mai kyau mai oktan sama aka rubuta mata.

Yadda za ka yi shi ne ka ɗauki abin da kake kashewa a mai a shekara ka cire kashi ɗaya cikin uku, abin da ka cire ɗin shi ne ribarka. Sai ka je ka tambayi farashin batir da famfon birki a inda kake, tun kafin ka biya kuɗin mota, ka raba a kan shekarun da kake niyyar riƙe ta. In kana yawan zirga-zirga a gari lissafin zai fita da riba mai kyau, in kuwa motar fita ɗaurin aure ce da ƙarshen mako to RX 350 ta fi maka, don ba za ka ci ribar man ba kuma zaman zai cinye batirin. Ka ƙara da inshora da kuɗin takardu waɗanda suke bin darajar mota da girman inji, da kayan alatu irin su fitilun gaba da ƙofar but mai buɗe kanta da allon dashbod, waɗanda farashinsu na motar alfarma ne komai tsufanta. Ni shawarar da nake ba kowa ita ce kar ya ƙarar da kuɗinsa kaf a saye, ya rage abin da zai iya sayen batir ya ajiye gefe, in bai kai ga hakan ba to motar ta fi ƙarfinsa tukuna.

Tsakanin biyun da ka gani, in lafiyarsu ɗaya ni RX 450h ta 2013 zan ɗauka, ta fi ƙuruciya da shekara biyar, babu bel ɗin taimin, ta fi ragin mai. Sai dai daga nan inda nake ba zan iya yanke hukunci a kan motar da ban sa wa sikana ba, 400h da aka kula da ita aka sa mata sabon batir ta fi 450h da aka wulaƙanta.

Ranar da za ka je dubawa ka tafi da wanda ya san haibirid da sikanar da ke karanta batir, irin Techstream, ko ƙaramar na'urar OBD2 da manhajar waya irin Dr. Prius. Ka ce kar a tayar da motar kafin ku zo. A duba wutar kowane sashe ana tafiya, a taka totur da ƙarfi a hawa sannan a taka birki, sassan su riƙa hawa da sauka tare, in ɗaya yana nutsewa ƙasa da sauran da kusan bolt guda to ƙwaya ta mutu a cikinsa. A duba kuma ko an goge lambobi kwanan nan, sikana tana nuna tafiyar da aka yi tun gogewar ƙarshe, in ka ga 'yan kilomita ne kacal ka tambayi dalili. Ku yi tafiyar aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne, don batir mai rauni yana iya ɓoye halinsa a zagaye ɗaya na layi.

In ka saya, a makon farko ka juye baƙin mai, ka canza ruwan inji da na inbata da man giyabos, a wanke fankar batir, a shafa wa fil ɗin birki giris. Kar ka bari mai ya ƙare maka ka ce za ka lallaɓa da lantarki, in babban batir ya sauka ƙasa sosai babu abin da zai tayar da injin, kuma ba a tura ta ta tashi. A cunkoso ka bar ta a D ko P, a N ba ta caji. In ta mutu a hanya a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, kar a ja ta da igiya tayoyi na juyawa. Duk wayar da ka ga ruwan lemo ce babbar wuta ce mai iya kisa, ba ta mai gyaran wayarin mota na gefen titi ba ce, sai wanda ya san yadda ake cire filogin tsaro ya jira wutar ta sauka ya sa safar hannu ta lantarki.